Kotun Asabar

Talata, da hantsi

An sallame mu daga asibiti, ɓarin jikin mijina a shanye. Na turo shi a keken marasa lafiya har bakin mota, yayansa ya ɗaga kafaɗu, ni na riƙe ƙafafu. Bai yi nauyi ba. Da ma ban lura ba.

Malamar da ke koyar da magana ta ba ni wannan littafin. Ta ce in riƙa rubuta duk kalmar da ya furta, in nuna mata duk ranar da ta zo gida. To ga shi na buɗe.

Abin da ya faɗa yau: babu.

Laraba, bayan azahar

Malama, in kin karanta wannan, ina so ki san wanda kike zuwa gani. Ke dai kin ga dattijo a keke, baki a karkace, yana kallon bango. Mijin nan nawa malamin tuƙi ne. Wuni yake a gefen masu koyo yana "birki, birki, na ce birki!", ya dawo gida bakin bai gaji ba, ni in karɓi ragowar. Alƙali nake ce masa, shi kuma ya ce min Mai Ƙara. Ga dalili.

A falonmu akwai doguwar kanta cike da faifan garmaho na mawaƙan Turawa, 'yan rok da pop. Tun kafin ya san ni yake tara su. Layin sama shi ne rigimar. Daga hagu, wanda ya fi kowa a duniya, sai mai bi masa, haka har ƙarshen katako. Duk Asabar bayan shayi sai a zauna kotu. Ni in kawo ƙarar cewa an zalunci wane, shi ya kare. A ɗora faifan, a saurara, a yi ta sa-in-sa har shayi na biyu ya huce. Faifai ba ya hawa sai gurbi ɗaya a zama ɗaya, kuma ba ya motsi sai mun ce "na yarda" mu biyu, da baki. Gyaɗa kai ba ya aiki. Shiru ma ba ya aiki. Ya hana a rubuta jerin a takarda, wai ranar da aka rubuta an gama ke nan, in an gama kuma me za mu yi da Asabar?

Ba ma kiransu da sunayensu, namu muka raɗa musu. Na ɗaya 'Yan Tsawa, wasu maza masu jita da ganga da gashi har kafaɗa. Tun ina amarya suke nan, ko gezau. Na biyu Mai Mura, wanda yake waƙa ta hanci. Tawa ita ce Ƙyalƙyali, saboda rigunanta. Shekara da shekaru ina tura ta, da ƙyar da siɗin goshi na kai ta na bakwai. Alƙali ya ce ba ta rubuta waƙa da kanta, ba ta iya riƙe jita ba, sukari ce aka jiƙa a ruwa. Ni na ce macen da ta sa ni kuka a cikin bas, a gaban jama'a, ba sukari ba ce.

Kin ga dai mutumin da ya yi shiru.

Yau: babu.

Alhamis, da yamma

Na dawo daga shagon gugar da nake aiki na tarar da bangon falo fayau. Ba kanta, ba faifai, sai gadon asibiti a wurin da kwalaye a jere bakin ƙofa.

Yaya yana share gumi yana murmushi. Ya ce, "Amarya, keken ba ya shiga ƙofar ɗakin barci, na gwada. Dole gado ya dawo falo. Na kwashe tarkacen tsaf, ko ɗaya bai fashe ba. Har na haɗa miki su launi-launi don su yi kyau."

Launi-launi. Faifai mai jan kwali da mai jan kwali, baƙi da baƙi. 'Yan Tsawa suna manne da wani mai busa da ba mu taɓa sa shi ko a layi na uku ba.

Na ce, "Sannu da aiki, Yaya. Allah ya saka." Me zan ce? Mutum ya baro garinsa da iyalinsa don ƙanensa.

Alƙali yana zaune a keke aka yi komai a gabansa.

Juma'a, da safe

Babu.

Asabar, da hantsi

Na haɗa shayi biyu. Na ba shi nasa da cokali. Rabi ya shiga, rabi ya bi haɓa.

Ban ce masa Asabar ce ba.

Na iya ɗauko madara daga firji ba tare da na taka gaban firjin ba. In na tsaya ta gefen murhu na miƙa hannu, yana kaiwa.

Litinin, bayan la'asar

Malama ta zo da hotuna. Kofi, mabuɗi, mota. Mota fa! Ta ɗaga masa hoton mota ta ce, "Baba, mene ne wannan?" Mutumin da in ya ji ƙarar injin maƙwabci daga kan gado yake cewa a je a duba mai. Ya kalli hoton, ya kalle ta, ya mai da ido bango.

Ta ce in bi shi a hankali, in riƙa sa masa abin da yake so. Ba sai ta gaya min ba. Na riga na yi wa kaina alkawari tun a farfajiyar asibiti, ba zan ƙara ɗaga masa murya ba har in koma ga Allah. Ko ya ce rana a yamma take fitowa, haka ne, Alƙali.

Da ta tafi na jawo katakon daga baranda, na ɗora shi a kan kujeru biyu daidai inda zai gani daga gado. Na zazzage kwalaye. 'Yan Tsawa, Mai Mura, sai Gwauro mai piyano. Ƙyalƙyali ta bakwai. Tsakani fa? Tagwaye ne na huɗu ko Mai Hula? Na san mun yi wata guda muna faɗa a kansu, har na ƙi dafa abincin rana, amma wallahi na manta wa ya ci. Na ɗaga masa su biyun, ɗaya a kowane hannu, na ce, "Wanne?" Ya kalle su kallo ɗaya.

Duk rayuwarmu tana kan katakon nan, ni kuma ban riƙe ko rabinta ba. Na dogara da kansa.

Babu.

Laraba, da hantsi

Na ɗora masa 'Yan Tsawa, faifan da ya fi so, wanda gangar take shigowa kamar an banko ƙofa. Da can in ya kai wurin sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Saurara, Mai Ƙara, nan ne aka raba maza da yara." Na zauna gefen gado na ce, "Gaskiya sun iya. Kai ne da gaskiya tun farko. Babu kamarsu."

Ya rufe ido. Ya juya fuska bango, da ƙyar, amma ya juya.

Ko ƙarar ta yi yawa ne?

Alhamis, lokacin hutun rana, a shago

Na ƙona rigar wani. Farar riga, hoton dutsen guga ya fito a baya ɓaro-ɓaro. Mai shago ba ta yi faɗa ba, ta karɓe dutsen ta ce in je in sha ruwa. Na fi son a yi min faɗa. Kowa ya koma lallaɓa ni.

Rediyon shago ya fara zaɓensu na shekara, wai masu sauraro su zaɓi gwarazan rok da pop na kowane zamani. Duk shekara Alƙali yake buga musu waya ya wanke su tas, har mai gabatarwar ya gane muryarsa, yana jin sallama zai ce, "Malam, mun shiga uku." Bana za su huta.

Asabar

Ba zan rubuta komai ba yau.

Lahadi, da yamma

Yaya ya zo da magana. Ya zauna, ya cire hula, ya ɗora a gwiwa, na san akwai abu.

Ya ce, "Amarya, ki dubi kanki a madubi. Kina fita aiki, maƙwabciya ce take leƙo shi. Can gidana akwai mutane, akwai ɗaki a ƙasa, yara za su riƙa juya shi. Ke ki riƙa zuwa in kin samu hutu."

Garinsa wuni guda ne a mota. Na ce a tambayi mai jikin.

Ya durƙusa gaban keken ya ce, "Ɗan'uwa, za ka bi ni? Ka yarda?" Kan Alƙali ya yi ƙasa. Ko gyaɗawa ce, ko wuyan ne ya gaji, Allah kaɗai ya sani. Yaya ya juyo ya ce, "Kin gani."

Ban san lokacin da na ce, "A gidan nan gyaɗa kai ba ya aiki, Yaya" ba.

Ya daɗe yana kallona. Ba mugu ba ne, idonsa ma ya kawo ruwa. Ya ce, "To. Lahadin ƙarshen wata zan zo da mota. In ya buɗe baki ya ce ba ya so, wallahi na bar miki shi. In bai ce ba, ni ne babba, ni zan yanke."

Babu. Babu. Babu.

Litinin, da safe

Na roƙe shi. Na riƙe hannun da yake ji na ce, "Kalma ɗaya, Alƙali. Kowace iri. Ka zage ni ma." A hankali na faɗa, da murmushi, yadda ake yi wa mara lafiya.

Yana kallon katakon.

Laraba, kafin in fita aiki

Malama, wannan shafin zan yage shi, ba naki ba ne.

Rabin magana ya bar min. Asabar ce, na kawo ƙarar Ƙyalƙyali ta hau na shida. Na tashi da fushi na shiga kicin, ya biyo ni da kofi a hannu yana ci gaba, yadda ya saba. Na juya masa baya ina ɗaga murya. Ya ce, "Ƙyalƙyali ba za ta taɓa…" Na ce, "Ƙarasa mana, in kana da gaskiya!" Sau biyu na faɗa. Ban juyo ba sai da na ji kofin ya fashe, shi kuma yana ƙasa gaban firji.

Likita ya ce babu ruwan wannan da wancan, abin ya daɗe yana tahowa. Likita ba ya kicin ɗin.

Ba za ta taɓa me ba? Hawa? Kai Mai Hula? Ina guga ina ƙarasa masa, ina wanka ina ƙarasa masa. Babu wadda ta yi kama da tasa.

Alhamis, bayan la'asar

Malama tana jera hotunanta, ni na bar rediyo a kunne ƙasa-ƙasa a kan taga. Sai ga sakamakon zaɓen nan. Wai na ɗaya wani yaro ne da na'ura take gyara wa murya, ko gemu bai yi ba. 'Yan Tsawa kuwa can ƙasa, bayan na ashirin, mai gabatarwa har da dariya, wai tsofaffin hannu sun yi ƙoƙari.

Na ga hannun hagun Alƙali ya damƙi zanin gado. Wani abu ya fito daga maƙogwaronsa, ba kalma ba, gurnani. Na yi wuf na kashe rediyon, ina "yi haƙuri, yi haƙuri, ba su san komai ba."

Malama ta ce, "Anti, me ya sa kika kashe?"

Na ce ransa zai ɓaci.

Ta ce, "Tun da nake zuwa gidan nan ban taɓa jin sautinsa ba sai yanzu." Ta tattara hotunanta. A bakin ƙofa ta ƙara da cewa, "Ni dai ban san shi ba. Ke kika san shi."

Yau: ban san yadda ake rubuta shi ba.

Juma'a, da hantsi

Ban je aiki ba. Ina zaune a ƙasa gaban katako.

Tun da muka dawo babu wanda ya musa masa ko sau ɗaya. Sannu Baba, sannu ɗan'uwa, haka ne Alƙali. Mutumin da ko gaisuwa sai ya yi gardama a kanta. Mun lulluɓe shi da sannu, ni ce kan gaba.

Amma in na tsokane shi abin ya dawo fa? In na yi shiru, jibi Yaya ya tafi da shi. In na yi magana, wataƙila in sake jin kofi. Tsoro nake ji. Tsoro ƙwarai. Ban taɓa jin irinsa ba, ko a farfajiyar asibiti.

Asabar, bayan azahar

Wannan kam sai na rubuta.

Na yi masa wanka, na sa masa rigar da yake sawa ranar hutu, na zaunar da shi a keke gaban katako. Na kawo shayi biyu. Na ce, "Yau Asabar. An zauna kotu." Muryata ta fito siririya, na gyara ta, na sake faɗa da ƙarfi.

Na ce ina da ƙara. Na ce shekara da shekaru ana zaluntar baiwar Allah a gidan nan saboda son kai na wani malamin tuƙi. Na zaro Ƙyalƙyali daga gurbinta, na tsallake na shida, na tsallake na biyar, na wuce Mai Mura, na ture 'Yan Tsawa gefe, na dasa ta a farkon katako. Gurbi shida a zama ɗaya, ba tare da izinin kowa ba. Na ɗora faifanta, na ƙure murya, na tsaya gabansa na riƙe ƙugu.

Ya kalli katakon. Ya kalle ni. Waƙar ta kai inda take jan numfashi kafin ta hau, wurin da ya kama ni a bas. Leɓensa ya fara motsi. Ya yi ta fama, jijiyar wuya ta tashi, yawu ya zubo, ban goge ba, ban matsa ba.

Ya ce, "Na… yar… da."

Muryarsa ce. Ta dushe, ta karkace, amma tasa ce.

Na zube a ƙasa. Na yi zaton murna zan yi. Sati nawa ina roƙon kalma, ga biyu an ba ni. Amma sai na ɗago na ga idonsa. Ba kallon wanda aka kayar a gardama ba ne. Kallon mai rabon kayansa ne kafin tafiya. Ba ni ita yake yi kyauta, don ya ga na gaji, don ya sauƙaƙa min. Kuma bakin da ya iya ce min na yarda yau, gobe Yaya zai durƙusa ya tambaye shi.

Na tashi. Na ce, "Ni ban yarda ba."

Ya ƙifta ido.

Na ce, "Ban yarda ba, kuma doka ta ce sai mu biyu. Wa ya ce ka ba ni? Sadaka na roƙa? Macen da ba ta rubuta waƙa, ba ta riƙe jita, za ka sa ta na ɗaya don kana jin tausayina? Ashe duk shekarun nan ƙarya kake yi!" Ina kuka ina masifa, na san maƙwabta suna ji, ban damu ba.

Bai motsa ba. Sai na ɗauko 'Yan Tsawa. Na ce, "Tun da ba ka da ta cewa, bari in gaya maka gaskiyar da na ɓoye tun ina amarya. Waɗannan hayaniya ce kawai. Gara yaron rediyo sau dubu." Na nufi kwandon shara da faifan, na taka fedar, murfin ya buɗe, na riƙe shi a sama. Allah ya sani ban san ko zan saki ba.

Hannun hagu ya daki keken, bam.

"A'a!"

Tsaf ta fito, babu karkata. Na juyo. Rabin fuskar da ke aiki ta murtuke, yana hararata. Wallahi harara ce, irin ta da, irin wadda yake yi wa masu koyo in sun taka mai a maimakon birki.

Na jira in ji kofi. Na tsaya ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Babu abin da ya faɗi.

Na mai da 'Yan Tsawa wurinsu. Ƙyalƙyali na ajiye ta a kan tebur, ba ta hau ba, ba ta sauka ba, maganarta tana gaban kotu.

Abin da ya faɗa yau: Na yarda. A'a.

Lahadi, da yamma

Yaya ya zo da mota, har da katifa a baya. Ban gaya masa komai ba. Da ya durƙusa gaban keken na kasa tsayawa, na shige kicin. Sai da na dafa ƙofar firji na gane inda nake tsaye.

Daga nan na ji tambayar. Na cusa bakin mayafi a baki ina jira. Kalmomi biyu yake da su a duniya, kuma ban san wadda zai ɗauko ba.

"A'a."

Sai na ji Yaya yana wani abu tsakanin dariya da kuka, yana cewa, "Ɗan banzan taurin kai, tun yana goye haka yake. Amarya! Zo ki ji abin da mijinki ya yi min!"

Ya koma da katifarsa.

Hannun dama har yanzu ba ya motsi. Malama ta ce hanya tana da nisa, kuma ba ta yi min alkawarin komai ba. Ban san na huɗu da na biyar ba har yanzu. Na ɗaga masa Tagwaye, ya ce a'a. Na ɗaga Mai Hula, ya ce a'a.

Na tambaye shi ko shayin ya yi. Ya ce a'a. Ya shanye tas.